Yayata Mai Tsayawa a Ƙofar Wambai

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi ya ba ni ita, shi ya karɓi abarsa. Ni ban yi karatun boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. 'Yar yayata ce, malamar makaranta a Sabon Gari, ta zo da takarda har ɗakina a Soron Ɗinki, ta ce matan majami'arsu za su taru su tuna da uwarta, suna son su ji daga bakin wadda suka sha nono ɗaya. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini ko a inda maganar ba ta yi mini kyau ba. Akwai laifin da na yi wa yayata, na riƙe shi shekara ashirin da wani abu, kuma in na ɓoye shi ba za ku san ko wace ce kuka binne ba.

Ran da labarin rasuwarta ya zo, kafin Azahar tsakar gidanmu ya cika. Mata ne, wasu da goyo, wasu da jikoki, kusan kowace akwai ɗan da yayata ta yanke wa cibiya. Amma zaman ya yi wa mutane wuya, don ba su san abin da ake faɗa wa Musulma ba in Kirista ce ta mutu mata. Maƙwabciyata ta jikin katanga ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya ji ƙan..." sai ta tsaya, ta dubi na kusa da ita, ta ƙarasa da "Allah ya ba ki haƙuri." Ban ji haushinta ba. Wata tsohuwa daga Mandawari, wadda ba ta jin tsoron kowa, ta ce, "Ni dai ban san abin da malamai za su ce ba. Matar nan ta ciro jikana yana shuɗi, ta hura masa rai a baki. Ina kuka, kowa ya yi abin da zai yi." Ta kuwa yi kukanta. Limamin unguwa ya aiko daga zaure ya ce a gaya mini mutuniyar kirki ce, Allah ya ba da dangana. Babban ɗana kuwa, wanda shi ne maigida yanzu, ya sa babbar rigarsa ya tafi maƙabartarku, ya tsaya har aka rufe ta. An yi maganarsa a majalisa, ya ce wa masu maganar uwarsa aka binne.

Mun rabu da ita tun muna yara, a zamanin da ake kama mutane, gab da zuwan Nasara. Ita tana da wayo, ni kuwa haƙoran gaba ma ban zubar ba. Ni aka kawo birni, na tashi a gidan mutane, na yi salla, aka 'yanta ni, aka aurar da ni ga wani maɗinkin riguna, mutum mai sanyin hali. Ita Turawa suka tare ayarinsu a hanya, aka ba 'yan mishan renonta, ta tashi da addininsu, ta koyi aikin ungozoma, ta auri ma'aikacin jirgin ƙasa. Kowacenmu ta ɗauka ɗayar ta mutu.

Haihuwar autana ce ta haɗa mu. Naƙuda ta yi tsawo, aka ce a kira ungozomar asibiti da ke shiga gidaje. Ta shigo da farar riga da ɗan akwatinta, ta durƙusa, ta dubi fuskata, sai na ga ta daina motsi. Tsagar gidanmu ta gani, da tabon ƙuna a hannuna na hagu, wanda ita ce ta ja mini shi ran da ta ture tukunyar kunu. Ta ci gaba da aikinta har yaro ya faɗo ya yi kuka. Sannan ta kira ni da sunan da uwarmu ke kirana, sunan da ni kaina na manta da shi. Rubuta cewa na yi kuka har na fi jaririn.

Bayan suna da kwana kaɗan ta zo cin abinci. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Uwar mijina na zaune, da ƙannensa mata biyu. An wanke hannu, sai yayata ta ce, "Ku dakata, mu gode." Ta rufe ido ta fara addu'a da ƙarfi, da Hausa, kamar mai magana da wani a bakin ƙofa. Ta kira Allah da Uba. Ta gode don tuwo, ta gode don ta same ni. Sai ta shiga kiran mutanen gidan ɗaya ɗaya. Ta kira sunan maigidana gatsau, a gaban uwarsa. Ta kira sunan ɗana na fari, ta haɗa da nawa, ta ce wane ɗan wance. Ta rufe da sunan Yesu.

Ku na can ba lalle ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu mace ba ta faɗar sunan mijinta, ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in za ta ambace shi sai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Kunya ce, da ita ake gane wadda aka yi wa tarbiyya. Ko an faɗi sunan a gabanta sai ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ga 'yar uwata tana shelar su a kan akushi. Uwar mijina ta janye hannunta daga tuwo, ta dubi 'ya'yanta ta ce, "To. Yau mun ga dangin uwa."

Zan faɗi gaskiya. Ba addininta ne ya fi ƙona ni ba a ranar. Tsoro ne. Shekara da shekaru ina lallaɓa zamana a gidan nan don kada a tuna daga inda aka kawo ni, ga shi an tuna cikin magana ɗaya. Da ta tashi tafiya na raka ta soro, na ce, "Yaya, muddin ina gidan nan, kada ki sake yin addu'arki a cikinsa." Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Zuwa fa?" Na ce, "Zuwa ki zo." Ta ce, "To. Gidanki ne."

Ban san abin da na roƙa ba, don ban san ta ba tukuna. Matar nan ba ta kurɓar ruwa sai ta gode. Ba ta ɗaukar almakashi ta yanke cibiya sai ta rufe ido. In allurarta ta ɓace sai ta gaya wa Allah, in hadari ya taso shanyarta na waje sai ta roƙi a ɗan jinkirta mata. Ni na saba da salla mai lokaci, a yi alwala, a fuskanci gabas. Tata ba ta da lokaci, ko in ce duk yini lokacinta ne. Kowace safiya kafin ta hura wuta tana da jerin mutanen da take kira, kuma jerin ba ya raguwa sai da mutuwa. In mace ta gaya mata damuwa sai ta ce, "Bari, zan kai maganar." In sun sake haɗuwa a ce, "Inna, kin kai?" ta ce, "Na kai tun jiya." Matan unguwarmu suna mata dariya, suna kiranta Inna mai rufe ido, amma in ciki ya zo da gardama su ne ke cewa, "Inna, yi abin naki mana." A kowane gida na Soron Ɗinki tana yi. Gidan ƙanwarta kaɗai aka hana ta.

Kowace Talata take zuwa, ranar hutunta. Ta shigo, mu gaisa, in kawo abinci, ta sa hannu ta ci ba tare da ta rufe ido ba. Na ce a raina ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba. Sai wata Talata maigida ya dawo daga Fagge, inda ya kai wa wani riga, ya ce, "Na ga yayarki a Ƙofar Wambai, ta jingina da ganuwa, ido rufe, jakunan itace na ratsa ta. Na zaci jiri ne ya ɗauke ta. Na yi mata magana, ta ɗaga mini hannu wai in jira." Da ta gama, in ji shi, ta gaishe shi ta ce, "Malam, an hana ni a ciki, ba a hana ni a nan ba."

Da ta iso na ce, "Yaya, ashe tsayawa kike yi a ƙofar gari?" Ta ce, "To da ya kike so in ci tuwonki? Can nake godewa in shigo." Na ce, "Tun ba ki san abin da na dafa ba?" Ta ce, "Ko miyar kukar nan taki ce mai ruwa, na riga na gode, ba na janyewa." Muka yi dariya. A nan ya kamata in ce mata ta bari, ta riƙa yi a ɗakina. Uwar mijina na raye a lokacin, na yi shiru. Bayan ta rasu ma na yi shiru. Ina jira Yaya ta roƙa, ita kuwa ba ta taɓa roƙa ba.

Kada ku zaci ba ta da nata halin. Tana da baki, kuma ba ta iya rarrashi ba. Ta taɓa korar wata tsohuwa daga ɗakin mai jego don ta ga za ta shafa toka a cibiya, suka yi shekara ba sa gaisawa. Amma a kan sallata ba ta taɓa yi mini wasa ba. In muna hira aka kira La'asar ban motsa ba, sai ta tashi ta cika mini buta ta dire a gabana, ta ce, "Tashi, ana kiranki. Ni da na samu mai tuna mini haka ai da na huta." Da azumi ko ruwa ba ta sha a gidana. Sau ɗaya na tambaye ta ko tana roƙon in bar addinina in bi nata. Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ina roƙo. Ke fa?" Na ce, "Ni ma ina roƙa miki shiriya." Ta ce, "To mun kai ƙara wuri ɗaya, sai mu jira." Ba mu sake tayar da zancen ba.

Sai babban ɗana ya yi niyyar hajji. A lokacin ba jirgin sama kamar yanzu, ƙasa ake bi, ta Barno, a yi ta tafiya ana tsayawa ana sana'a. Ya ɗauki allurarsa da zarensa ya bi ayari. Shekara ɗaya, biyu, saƙo na zuwa. Daga nan yaƙin Turawa ya tashi, labari ya yanke. Ubansa yana zuwa tasha yana tambayar masu dawowa. Ƙannensa suna kuka. Ni ba ni da ikon ko ɗaya. In mata suka ce, "Har yanzu shiru?" sai in ce, "Wa? Oho, yaron nan? Yana can," in ci gaba da tankaɗe. Aka riƙa yabona, wai ga mace mai kunya.

Yayata kaɗai ta gane. Wata Talata ta same ni ina tsince shinkafa, na tsince na sake tsincewa. Ta zauna ta ce, "Ke ba za ki iya faɗar sunansa ba, na sani. Ni ina faɗa. Kowace safiya shi ne na farko, kafin 'ya'yan cikina." Na ce, "Me kike roƙa masa?" Ta ce, "Ya kai, ya dawo." Na ce, "Ke Kirista, kina roƙon ya kai Makka?" Ta ce, "Ai can ya nufa. Ko so kike in roƙa ya ɓata a hanya?" Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta tashi ta saki labule don kada a gan ni. Tun daga ranar, in ta shigo ba na tambaya, ita ce za ta ce a hankali, "Na kai." Da wannan kalmar na rayu shekara tara. Ta sa mijinta ya riƙa tambayar ma'aikatan jirgi, ita kuma duk mai jegon da ta ji danginta sun dawo daga gabas sai ta bi ta tambaya. Mutane suka fara cewa a yi masa sadaka a haƙura. Ta ce ita ba a gaya mata ya mutu ba, ba za ta cire shi daga cikin masu rai ba.

Ya dawo ranar wata Talata da damina, da hantsi, an ɗauke ruwa ke nan. Ya rame, ya yi gemu, ya shigo da sallama. Gida ya kaure da guɗa. Ni na yi abin da aka san uwa da shi, na juya baya na kama muciya. Yayata ta rungume shi, ta shafa kansa, ta kira sunansa ya fi sau goma. Sai na ga ta sake shi, tana waige-waige kamar mai neman hanyar fita. Ta fita da sauri ko takalmi babu. Na bi ta na leƙa ta soro. Tana durƙushe a lungu, cikin taɓo, da farar rigarta, hannu sama, hawaye na zuba, yara sun kewaye ta suna kallo. Godiya take yi. Ko a ranar ba ta karya maganata ba.

Na gan ta da idona, kuma na koma ciki ban ce komai ba. 'Yata, kada ki tsallake wannan. Abin ya yi mini girma, na rasa ta inda zan fara, na ce sai wata Talatar. Haka Talata ta yi ta wucewa. Maigida ya rasu, ita ta zauna da ni kwanakin takaba. Nata mijin ya rasu. Muka tsufa, tana tsayawa a ƙofar gari, mai ƙosan wurin har ta san ta, tana matsar mata da kasko.

Bana ƙafafunta suka kumbura, ta daina aiki, ta yi wata biyu ba ta zo ba. Sai ga ta wata Talata, 'yarta ta sa ta a motar haya, aka kawo ta bakin lungu, aka riƙo ta har ɗakina. Na yi murna, na sa aka yi tuwon shinkafa. Aka kawo, jikoki suka zauna, na wanke hannu. Ita ba ta wanke ba. Ta ce, "Ku ci, ba na jin yunwa." Na ce, "Yaya, tun safe fa kike hanya." Ta ce, "Direban nan ne, mutumin banza. Na ce ya tsaya a ƙofa, ya ce ba a tsayawa a nan, bayansa akwai motoci." Sai ta dafa bango za ta miƙe, ta ce, "Bari in ɗan leƙa waje in dawo." Ƙafar ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta koma ta zauna tana haki.

Na ce, "Zauna."

Ta ce, "Yanzu zan dawo."

Na ce, "Yaya, yi a nan."

Ta dube ni irin kallon da ta yi mini a soro. Ta ce, "Kin san abin da kike faɗa? Ni fa ban iya yi a zuci ba."

Na ce, "Na sani. Na ɗage. Ki yafe mini."

Ta ce, "Wannan tun a Ƙofar Wambai aka gama shi. Miƙo ruwan."

Ta wanke hannu, ta rufe ido. Babban ɗana ya zo gaishe ta, ya ji, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, bai kuma tafi ba. Ta gode don tuwo, ta gode don ɗakin, ta ce yau ta ga cikinsa da kyau ko da yake idonta a rufe yake. Ta bi jikokina ɗaya ɗaya, ba ta manta ko na goye ba. Ta bi maƙwabta har tsohuwar da suka yi faɗa a kan toka. Ina zaune na sunkuyar da kai, na shirya jin sunan da zai sa ni kunya a gaban surukata da jikokina, na ce a raina yau ko sau ɗari ta faɗa ba zan motsa ba. Sai ta zo kansa. Ta ce, "Da babban ɗan ƙanwata, wanda ka kai ka dawo da shi. Uwarsa na zaune a nan, ba zan faɗa ba. Kai ka san shi, ka ji shi a bakina ya ishe ka."

Ta rufe da sunan da take rufewa da shi. Ni na yi bisimillata. Na taɓa tuwo na ji ya yi sanyi ƙalau, na ce, "Yaya, kin bar mana tuwo ya huce." Ta ce, "Ke kika sa. Ta shekara ashirin ce ta taru." Ta ci loma huɗu, na ƙirga, ta ce miyar ta yi gishiri.

Ba ta sake shigowa birni ba. Bayan sati uku, da safe, 'yarta ta kai mata ruwan wanka ta tarar da ita a durƙushe a bakin gado, goshinta a kan katifa. Ta tsaya tana jira ta gama.

Ku matan majami'a, ban san yadda Allah zai yi da mu ba, ni da ita, wannan ba a hannun tsohuwa irina yake ba. Abin da na gani shi na faɗa. Na yi alfahari da ita a gaban mutanen birni, ina kuma yi a gabanku. In kun tashi addu'arku ta safe, akwai mutane da yawa a Soron Ɗinki da aka saba kiran sunansu a Sabon Gari ba su sani ba. Yanzu bakin ya rufe. Ni ce ƙanwarta, ɗakina na nan a lungu na biyu bayan masallaci, duk wadda ta shigo birni a cikinku ta biyo ta ci tuwo. Ba sai ta tsaya a ƙofar gari ba.